Kunnen Motar Isaac

Yammacin ya soma kamar kowane yammaci a Nukkai. Rana ta gangara bayan duwatsu, ta bar wani ja-ja a kan kwanon gidaje, kaji suna neman hanyar akurki. A gidan Baba Andrawus, Mama Judith tana tuƙa tuwon masara, hayaƙin ɗanyen itace yana sa ta ƙifta ido. Murna, autar gidan, wadda ta kusa gama sakandare, tana wanke kwanuka a gindin mangwaro tana rera waƙar coci ƙasa-ƙasa. Baba yana kan kujerarsa ta roba. Kunnensa ya yi nauyi tun da ya bar aiki, sai an ɗaga murya yake juyowa.

Rufus ne kaɗai ba ya tsakar gida. Yana cikin ɗakin da suke kwana da yayansa Isaac a da, zaune a ƙasa, motar Isaac a kan cinyarsa.

Mota ce ta tsere, irin wadda ake tuƙawa da rimot, tsawonta kamu guda, shuɗiya, tayoyinta masu ƙaya-ƙaya. Isaac mai gyaran waya ne a Kasuwar Jalingo. A cikin kayan gwanjo ya tsince ta a mace, ya raya ta da hannunsa. Idan rani ya ƙafar da kogin Nukkai, kowace Lahadi bayan an taso coci shi da abokansa sukan zana hanya a kan yashi, su yi ta tsere har rana ta faɗi. Rufus bai yi nisa a boko ba, amma cikin motar nan ya san shi kamar yunwar cikinsa, domin shi ke riƙe wa Isaac sukudireba.

A cikin motar akwai wani ɗan baƙin akwati da bai kai kwalin ashana ba, da siririyar eriya da jar fitila. Masu harkar suna ce masa risiba. Isaac kunne yake ce masa.

"Rimot baki ne, wannan kunne ne," in ji shi. "In ka haɗa su sau ɗaya, kunnen nan ba ya jin kowa a duniya sai bakin da aka haɗa shi da shi. Ko mota goma ke gudu, kowace ta san muryar ubangidanta. Ka ga fitilan? In yana ƙiftawa, nema yake. In ya tsaya cak, ya ji."

Yana da doka guda da ba ya wasa da ita. Baki ake fara kunnawa, sannan kunne. In an zo kashewa, kunne ne farko.

"Kada ka bar kunne a buɗe babu mai magana, Ƙaramin Oga. Ba ka san wa zai yi maganar ba."

A bakin damina ruwa ya ci Isaac. Ranar ko ɗigo bai sauka a Jalingo ba, a can saman duwatsu aka yi shi, ya taho ta kwanar kogi da ƙugi. Kowa ya ruga gaɓa. Motar ta kafe a tsakiyar yashi, Isaac ya koma ya fizgo ta, ya wurgo ta sama, ta faɗo a gaban Rufus. Shi kuwa ruwa ya naɗe shi, rimot rataye a wuyansa. An tsinci gawarsa can ƙasa, igiyar ta tsinke, rimot babu.

Tun daga nan Rufus yake karya dokar yayansa. Kullum rana ta faɗi sai ya sa batir, ya kunna motar, ya zuba wa jar fitilar ido tana ƙiftawa, tana neman muryar da ke ƙarƙashin ruwa. Philemon, abokin tseren Isaac, ya kawo masa wani rimot ya ce ya haɗa, mota ba ta zama marainiya. Rufus ya yi godiya, ya ɗora shi kan wadirob da kwalinsa. Ya san ranar da ya haɗa kunnen da sabon baki, ranar kunnen zai manta da tsohon, mantawa ta har abada. A duk gidan nan, wannan ɗan akwatin ne kaɗai bai yarda Isaac ya mutu ba.

A wannan yammacin, fitilar ta ƙifta, ta ƙifta, sai ta tsaya cak.

Rufus ya daina numfashi. Tayoyin gaba suka juya hagu a hankali. Suka juya dama. Sai motar ta yi kuka, ta zabura daga cinyarsa, ta fice ta ƙofa.

Ta ratsa tsakar gida, ta daki turmi, ta ja baya, ta kifar da kwanukan Murna. Mama Judith ta saki muciya.

"Rufus! Wane irin wasa ne wannan da magariba?"

Ya fito, ya ɗaga mata hannuwansa biyu. Babu komai a cikinsu.

Sai dutse na farko ya sauka a kan kwano. Na biyu ya biyo. Ƙananan duwatsu ne masu sulɓi, suna gangarowa suna faɗowa tsakar gida, kowanne a jiƙe, alhali sama wasai take. Warin laka ya cika gidan. Murna, da yake ba ta da tsoro, ta taka motar da ƙafa, ta ɗaga ta tayoyi na juyawa a iska, ta lalubo makunnin ta kashe.

Komai ya yi tsit. Har kajin suka yi shiru.

"Shi ke nan," in ji Murna. Ta buɗe baki za ta ƙara magana, maganar ba ta fito ba. Motar ta suɓuce daga hannunta. Wuyanta ya juya hagu a hankali. Ya juya dama. Sai ta taka gaba, a miƙe, idonta a buɗe ba ta ganin komai, ta daki katanga da goshi. Ta ja baya. Ta sake dukanta.

"Yesu!" Mama ta ruƙunƙume ta, amma yarinyar ta ja ta kamar tsumma, ta nufi ƙofar gida, ta ɓangaren da kogi yake.

Rufus bai san ya yi tunani ba. Hannunsa ne ya kai ga motar, ya kunna. Fitilar ta tsaya cak, tayoyi suka kama gudu, Murna ta zube a jikin uwarta kamar an yanke mata igiya.

Haka gidan ya shiga kurkuku ba tare da an rufe ƙofa ba.

Abin yana da lokacinsa. Daga faɗuwar rana yake zuwa, ba ya tafiya sai ladanin masallacin unguwa ya gama kiran isha'i. A tsakanin nan dole motar ta kasance a kunne. Muddin tana zagaya tsakar gida tana dukan tukwane, duwatsu na sauka a kan kwano, Murna tana nan a hayyacinta, a takure a kan tabarma. Da zarar motar ta mutu, ita ake tuƙawa.

Batira biyu Isaac ya bari, kuma guda ba ya kai ƙarshen lokacin. Rayuwar Rufus ta koma caji. Da asuba kunnensa na kan wayar wuta. In babu wuta, ya kai wa mai cajin waya a bakin titi, ya tsaya a kansu kamar mai jinya. Ya bar zuwa ko'ina da ba zai dawo kafin la'asar ba. Maƙwabta suka daina aiko yara ɗiban wuta. Fasto ya zo da matan zumunta, suka yi addu'a da waƙa har muryoyinsu suka dishe, kuma gaskiya ne, muddin suna waƙar ko tsakuwa ba ta faɗo ba. Amma su ma suna da gidajen da za su koma.

Abin da ya fi ɗaure su ba duwatsun ba ne. Ɗan lokacin nan ne da Rufus yake cire batir ya sa wani. A wannan ɗan tsakanin Murna takan sandare, bakinta ya buɗe, murya ta fito. Murya mai kauri, mai ɗan dariya a ƙarshenta, muryar Isaac.

"Mama, yunwa nake ji."

Ranar farko Mama Judith sumewa ta yi. Daga baya sai ta soma matso da kujerarta kusa da tabarmar idan lokacin canji ya yi. Wata rana ta kama hannun Rufus, batir na tsakanin yatsunsa.

"Ɗan dakata. Kaɗan kawai. Bari in ji shi."

Ya dakata. Ba don ta riƙe shi da ƙarfi ba.

"Ƙaramin Oga," in ji muryar. "Ka rame."

Kullum dakatawar tana ɗan ƙara tsawo. Kullum sai Baba ya danne kafaɗun Murna da dukan ƙarfinsa kafin a mayar da batir. Goshinta bai warke ba, ta bar makaranta, wuyanta ya yi siriri kamar na zabuwa. Wata safiya ta sami Rufus yana goge yashi daga tayoyin, ta tsaya a kansa.

"Broda, me nake cewa in na tafi?"

"Ba komai."

"Ƙarya kake. Mama tana tuƙa tuwo da yawa yanzu, tana ajiye kwano guda a rufe. Na gani." Ta zauna a bakin ƙofa, ta rungume gwiwoyinta. "Ni ba rediyo ba ce da za ku dinga kama tashar matacce da ni. Ni ma 'yar gidan nan ce. Ina da rai, Broda. Ko sai na mutu za a ajiye mini kwano?"

Rufus ya ci gaba da goge tayoyin. Akwai abin da ya gani tun ranar farko, ya kulle shi a cikinsa. Tuƙin Isaac kamar ruwa yake, yakan saki totur kafin kwana, motar ta kwanta ta wuce ba tare da ta taɓa ko tsinke ba. Wanda ke tuƙa ta yanzu bai san birki ba. Matsewa kawai yake yi har ta daki abu. Rufus ya gaya wa kansa cewa wataƙila mutuwa tana sa hannu ya yi nauyi.

Sai batir ɗaya ya kumbura kamar burodi, ya ƙi karɓar caji. Aka shiga kwanakin da babu wuta a unguwar, ga hadari ya hana faifan hasken rana na mai caji aiki. Da rabin caji suka shiga wannan magaribar. Kafin duhu ya gama sauka motar ta yi tari, ta tsaya a gindin mangwaro.

Murna ta miƙe. Sakatar ƙofar gida ta ɓalle kamar kara. Damina ta yi tsakiya, kogi ya cika ya batse, ana jin ƙuginsa daga gida. Baba Andrawus, tsohon da ke tafiya da ƙyar, shi ya cim mata, ruwa ya kai mata gwiwa. Ya rungume ta ta baya, ya kafa ƙafafunsa a laka, Rufus ya riƙe shi, Mama ta riƙe Rufus. A haka suka tsaya, su huɗu, ruwa yana jansu, har aka kira isha'i.

Da suka dawo gida Baba ya yi magana da ƙarfi, irin ta wanda ba ya jin kansa.

"Judith! Gobe ki kira ɗan'uwanki. Yarinyan nan ba zan binne shi ba. Guda ya isa."

Modibbo Jabir yayan Mama Judith ne, ciki ɗaya. Tun yana saurayi ya musulunta, ya bi malamai ya yi karatu mai zurfi, ya zauna a Iware yana noman doya yana duba masu lalurar iska. Bai taɓa fashin zuwa cin shinkafar Kirsimeti a gidan ƙanwarsa ba, ita ma ba ta taɓa rasa naman layyarsa ba. Keke Napep ya sauke shi da la'asar, ɗan siririn tsoho da buta da carbi.

"Andrawus, har yanzu kunnen yana yajin aiki?" ya ɗaga wa surukinsa murya.

"Na ji ka, ɓarawon doya! Maganan banza ne kawai ba na ji."

Dariyar ba ta daɗe ba. Modibbo ya duba goshin Murna, ya ɗauki dutse guda daga tarin da aka share gefe, ya shinshina. Sannan ya zauna a kan tabarma ya sa Rufus ya buɗe masa cikin motar. Ya yi tambayoyi kamar mai shirin saye. Rufus ya gaya masa baki da kunne, da fitila, da dokar Isaac.

"To bakin yana ina?"

"Yana kogi, Kawu."

"Kunnen kuma ba ya jin kowa sai shi. Ba a sake masa wani bakin?"

Rufus ya sunkuyar da kai. Modibbo ya daɗe yana kallonsa, sannan ya kalli ƙanwarsa, ita ma ta kau da ido. Ya miƙe. Ya ɗauki butarsa.

Ya yi sallar magariba a gindin mangwaro, motar tana zagaya shi da ɗan cajin da aka samo, duwatsu suna sauka. Da ya sallame ya sa Baba ya zauna bayan Murna ya riƙe ta, Mama ta kama ƙafafunta. Ya dubi Rufus.

"Kashe."

Shiru ya sauko kamar an kifa ƙwarya a kan gidan. Modibbo ya soma karatu, a hankali, murya ƙasa-ƙasa, yana tofawa a tafin hannu yana shafa wa yarinyar a ka. Wuyanta ya juya hagu. Ya juya dama.

"Kawu," in ji muryar Isaac. "Kawu, zafi. Ni ne fa."

Mama ta fashe da kuka. Modibbo bai ɗaga ido ba.

"Isaac yana inda Mahaliccinsa ya ajiye shi. Matacce ba ya dawowa neman tuwo. A kan wannan, littafina da na surukina ba su taɓa gardama ba. Wane ne kai?"

Ya ƙara ɗaga karatun. Jikin Murna ya banƙare. Da bakin ya sake buɗewa, wata murya ce ta fito, tsohuwa, mai gurgura, kamar ruwa na wucewa ta cikin tulu.

"Dakata, malam. Dakata mu yi magana irin ta manya."

"Ina ji. Me yarinyar nan ta yi maka?"

"Ni mazaunin ƙasan gada ne tun ba a yi gadar ba. Ban zo gidan kowa ba. Ruwa ne ya kawo mini wani abu har ƙofa, da sauran muryar yaron maƙale a jikinsa. Na rataye shi. Kullum rana ta faɗi sai ya yi haske, ya yi ta kuka kamar ɗan tsako. Wani yana jira a wancan gefen. Kullum, kullum. Wa zai jure? Na danna." Muryar ta yi nishi. "Tun ranar hannuna ya manne. Ni ma ban huta ba. Yarinyar ta kashe motar, ta toshe mini kunne, na ari nata."

"Za ka mayar."

"Mu yi ciniki. Ku bar mini ita daga faɗuwar rana zuwa isha'i kawai. Ba zan ƙara kai ta ruwa ba. Uwar za ta ji ɗanta kullum har ta mutu. Tambaye ta, malam. Tambaye ta ko ba ta so."

Mama Judith tana riƙe da ƙafafun 'yarta. Ta kalli ƙafafun, duk sun faffashe da duwatsun kogi. Ta daɗe tana kallonsu.

"Ba na so," ta ce, da ƙyar aka ji ta. "Ba ni 'yata."

"To ku jefo mini motar a kunne, mu rabu."

"Batir zai mutu," in ji Rufus. Bai san zai yi magana ba. "In ya mutu zai dawo kanta."

Muryar ta yi dariya, dariya mai sanyi.

"Ka ji mai gidan. Malam, ƙona ni da karatu in ka ga dama, zan fita, gobe in dawo ta inda na shigo. Ba ni na buɗe ƙofar ba. Ranar da kunnen nan ya daina jina, na rantse da wanda kake kira, zan sauke abin in koma ramina. Sharaɗina guda, kada a ƙara yi mini tsere a ka bayan rana ta faɗi. Amma yaron ba zai iya ba. Shi ya ɗaure ni, shi ya ɗaure ta."

Modibbo ya juyo ga Rufus. Babu faɗa a fuskarsa.

"Ɗana, karatu nawa ne, zan riƙe maka shi iya ƙarfina. Amma ƙofar nan ba da irin makullina aka yi ta ba."

Rufus ya shiga ɗaki. Ya sauko da kwalin daga kan wadirob, ƙura ta zubo masa a ido. A jikin ƙusa, inda Isaac ya rataye shi da zare, akwai ɗan toshe baƙi kamar ƙwayar wake, wanda ake cusa wa risiba idan za a haɗa shi da rimot. Ya ciro shi.

Ya durƙusa a tsakar gida, duhu ya kusa rufe hannuwansa. Ya cusa toshen a raminsa, ya kunna motar. Fitilar ta kama ƙiftawa da sauri-sauri, kamar zuciyar tsuntsu a hannu. A wannan halin motar ba ta motsi, ba ta bin umarnin kowa. Jira take. Duk rimot ɗin da aka danne masa ɗan madannin haɗi aka kunna shi, shi ne zai zama ubangidanta. Sabon da ke hannun Rufus yana da madannin. Wanda ke ƙasan gada ma yana da shi, a gefen hagu, inda babban yatsan Isaac ya goge fentin.

Rufus ya ɗora yatsa a kan madannin. Bai danna ba.

"Ƙaramin Oga." Muryar Isaac ce ta dawo, da taushinta, da 'yar dariyar nan. "Ni na wurgo maka motan nan. Kada ka kashe ni sau biyu."

Hawaye suka zubo wa Rufus, suka ɗiga a kan shuɗin fentin.

"Broda," ya ce. "In kai ne, ka san abin da za ka danna. Kai ka koya mini. Ga ta nan a buɗe. Ɗauke ta."

Modibbo bai tsayar da karatu ba, amma gumi ya jiƙa masa hula. Wuyan Murna ya fizgu hagu, ya fizgu dama. Ƙafafunta suka yi ta harbin ƙasa, gaba, baya, gaba. Can a ƙasan ruwa wani hannu yana murɗa sitiyari, yana matse totur, yana taɓa komai ban da abu guda. Baba yana nishi, hannuwansa suna zamewa. Hasken fitilar ya soma dushewa, batir yana ƙarewa.

Rufus ya jira. Ya jira fiye da yadda ya kamata mai hankali ya jira. Isaac da ido a rufe yake haɗa mota, kafin a ƙifta ido ya gama.

Fitilar ta ci gaba da ƙiftawa. Babu wanda ya zo.

Ya danne madannin, ya kunna sabon rimot. Jar fitilar ta tsaya cak.

Murna ta yi wata doguwar atishawa, ta sake, jikinta ya saki a ƙirjin ubanta. Iska mai warin laka ta bi ta tsakar gida, ta kaɗa ganyen mangwaro, ta fita ta ƙofar da ba ta da sakata. Sai wani abu mai nauyi ya faɗo a kan kwano, ba irin ƙarar dutse ba. Ya gangaro a hankali, ya faɗo kusa da murhu.

Rimot ɗin Isaac ne, da guntuwar igiyarsa. Yashi ya cika shi, gansakuka ta rufe sitiyarin. Murfin bayansa a buɗe yake, ramin batir babu komai sai ruwa. Mama Judith ta ɗauke shi da hannu biyu, ta goge shi da bakin zanenta, ta rungume. Ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba ranar jana'iza, kukan wanda ya san ba za a amsa ba.

Modibbo ya shafa addu'a, ya jingina da turmi.

"Useko, na gode, ɗana," ya ce wa Rufus. "Ka gaya wa abokan tseren, in rani ya zo su tashi kafin rana ta faɗi. Alkawari ne, ko da wa aka yi shi."

Ladan ya soma kiran isha'i. A karon farko tun da abin ya fara, ba wanda ya kasa kunne yana jiransa. Murna ta buɗe ido, ta kalli fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ta taɓa goshinta.

"Mama," ta ce, da siririyar muryarta, tata ta kanta. "Yunwa nake ji."

Mama Judith ta ajiye rimot ɗin a kan tabarma. Ta tashi, ta ɗauko kwanon nan da take rufewa kullum, ta buɗe shi, ta ajiye a gaban 'yarta.

Rufus yana nan durƙushe. Ya zare toshen, ya kashe motar ya sake kunna ta, ya murɗa sitiyari kaɗan. Tayoyin suka juya hagu, suka juya dama, suka bi hannunsa ba gardama. Ba ta neman kowa yanzu. Ya shafa bayanta kamar yadda ake shafa kan yaro, sannan ya yi yadda aka koya masa. Ya kashe kunne tukuna. Ya zauna a cikin duhun da bakin a hannunsa, yana jin ƙugin kogi daga nesa, kafin ya kashe shi.